Ranar da salansa ta faɗi

Talata, da dare.

Har yanzu kunnena bai daina amo ba. Tun da na tayar da mota da safe na ji ƙararta ta koma ta tsohon janareto, amma na ce bari dai in lallaɓa in kai yara makaranta tukuna. Kuma gaskiya ba yau abin ya soma ba. Kusan wata biyu ke nan ina jin wani tik-tik daga wajen injin in yana da sanyi, da ya ɗumama sai ya lafa, ni kuwa na yi ta yi masa kunnen uwar shegu. A hanyar dawowa na hau wani ɗan tudu, sai ji na yi ƙwaram, ƙarfe ya shiga jan ƙasa. Da na durƙusa na leƙa, tukunyar baya ta salansa ta rabu da bututunta, tana reto a jikin roba ɗaya tak. Na ɗaure ta da waya, na sauke gilasai duka huɗun, na nufi gareji. Sauke gilashin ba don zafi ba ne. Hayaƙin mota yana ɗauke da iskar kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar oksijin da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu.

Bakanikena ya hau da motar kan rami, ya shiga da tocila da sukundireba. Na ce, "Oga, ka kira mai walda ya ɗan liƙe mana ita mana." Bai ce komai ba, ya danna sukundireban a cikin tukunyar, ya shige kamar ya soki takarda. Wani baƙin ruwa ya tsiyayo masa a hannu, ɓarɓashin tsatsa na zuba. Ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, a ina za a ɗora wutar? Ai babu ƙarfe a nan."

Abin da ya ba ni mamaki shi ne daga waje tukunyar ba ta yi muni haka ba. Ashe daga ciki ta ruɓo. Duk lita ɗaya ta fetur da injin ya ƙona tana fitar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi. In tafiya ta yi nisa bututun ya yi zafi, tururin ya fice abinsa. In kuwa gida zuwa makaranta ne, makaranta zuwa ofis, kilomita uku ko huɗu a kashe mota, to tukunyar baya ba ta kai ga yin zafi ba, ruwan sai ya kwanta a cikinta, ya gauraya da dattin hayaƙi ya yi tsami, ya yi ta cin ƙarfe. Wato ni da nake ganin ina tattalin motar, ni ne nake jiƙa ta kullum.

Tik-tik ɗin kuma daban ne. Gasket ɗin manifol ne ya ƙone, wato abin da ke toshe tsakanin injin da ƙarfen da ke tattara hayaƙinsa, shi ya sa yake yin shiru in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura ya toshe kafar. Kafar tana gaban sensa ta farko mai auna oksijin a cikin hayaƙi, tana zuƙo iska daga waje, sensa ta gaya wa kwamfutar mota wai mai ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara. Ga inda man da nake ta ƙorafi a kai yake tafiya. Inda na yi sa'a shi ne katalis, tukunyar da ke rage gubar hayaƙi. Ya bubbuga shi da hannu bai ji ɓaraguzai na kaɗawa a ciki ba, na'urar binciken mota ma ba ta nuna P0420 ba, lambar da ke cewa katalis ya gaza. Na yi ajiyar zuciya, don shi ne mai tsadar, saboda filatinam da faladiyam da rodiyam da ke shafe a jikin saƙar da ke cikinsa.

Sai zaɓen sabuwar salansa, kuma nan ne yinin ya tafi. Ta kamfanin da ya ƙera motar tsada, ga jira. Ta gwanjo na ƙi ta tun kafin a gama faɗa, tunda yanzu na ga da idona yadda salansa take ɓoye cutarta a ciki. Saura na sauran kamfanoni masu ƙera kayan gyara, su kuma kala-kala ne: akwai ta baƙin ƙarfe zalla, akwai wadda aka yi wa rufin alminiyam, akwai ta ƙarfen da ba ya tsatsa, shi ma kashi biyu, mai lamba 409 da mai lamba 304.

Ana cikin haka ƙanena ya kira. "Yaya, ka sa mai faffaɗan baki, inci uku, motar za ta ƙara wuta." Na sa shi a sifika, Oga ya yi dariya. Injina lita 1.8 ne, bututunsa wajen inci biyu. In ka faɗaɗa shi da yawa gudun hayaƙin ya ragu, motar ta yi nauyin tashi, abin da ka samu kawai ƙugi ne da zai cika maka kai a doguwar hanya. Ƙara na gudo, ba zan sayi wata da kuɗina ba.

Na kuma sha kunya kaɗan. Mai kayan ya miƙo wata ya ce ba ta tsatsa. Na tuna an ce maganaɗisu ba ya kama irin wannan ƙarfe, na ɗauko na Oga na kanga, ya manne caf. Har na gyara tsayuwa zan fara faɗa, Oga ya ce, "A'a Yallaɓai, 304 ne ba ya kamawa sosai. 409 yana kamawa." Ya juya ta ya nuna min lambar a buge a jikin ƙarfen. Shi 304 yana da kuromiyam wajen kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, shi ya sa yake ƙyalli kuma ya fi tsada. 409 kuromiyam ɗinsa wajen kashi 11 ne, yakan yi ja a sama amma ba ya saurin hujewa. Ƙarƙashin mota wa zai leƙa ya ga ƙyalli? Na ɗauki 409, wadda aka ƙera daidai da samfurin motata, ba irin wadda ake cewa tana shiga kowace mota ba, sai an yanka an lanƙwasa an yi walda kafin ta zauna.

Ɗaurawa ta ci awa uku saboda notuna. Tsatsa ta cinye su har sifana ba ta kamawa. Aka fesa mai, aka gasa da wuta, duk da haka ɗaya ya karye a jikin manifol, sai da aka huda aka zaro guntun. Na sa aka canza robobin ratayewa duka, tunda tsofaffin sun tsattsage. Da aka tayar, yaron Oga ya toshe bakin salansar da tsumma na ɗan lokaci, shi kuma yana bin mahaɗai da tafin hannu daga nesa kaɗan yana neman inda iska ke fita. Babu. Wani ƙauri ya tashi na tsorata, aka ce man da ke jikin sabon ƙarfe ne yake ƙonewa.

Oga ya ce ko sau ɗaya a mako in riƙa ba ta tafiyar minti talatin ba tsayawa. Da na kamo hanyar gida bayan magariba motar ta yi tsit, har ina duba allura in tabbatar injin bai mutu ba. A cikin shirun nan ne na fara jin wani gurnani daga ƙafar baya ta hagu, yana ƙaruwa in na ƙara gudu. Boris ɗin taya nake zargi. Ban gaya wa uwargida ba tukuna.