Na ba kura ajiyar nama: neman zaƙi a giyar bokiti

Wajen ƙarfe biyu na dare muka ji ƙara kamar an fasa gilashin mota. Matata ta taɓa ni ta ce, "Baban yara, ka ji kuwa?" Ban kai ga amsawa ba ta biyu ta tashi. Na sauko da fitilar waya a hannu, ina ɗaukan ɓarayi ne, sai na ga ruwa ruwan ƙasa yana malalowa daga ɗan ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin matakalar bene. Kwalabe biyu sun tarwatse, wani tsinin kwalba ya kafe a jikin ƙofar katako. Sauran arba'in da ɗaya suna jere, kowacce tana jiran lokacinta.

Ni mutumin ƙauyukan kusa da Jos ne, aiki ya kawo ni Lids a Ingila. Na san yawancin masu karanta Hausa ba sa kusantar giya, kuma ba na kiran kowa gare ta. Mu dai a gidanmu burkutu sana'ar gwaggona ce, da ita ta biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta. Kuma duk mai haɗa lemon citta ko zoɓo ya rufe a roba ya ga ta kumbura, abin da ya same ni ne ya fara samunsa.

A nan Ingila tun 1963 aka ɗage wa mutane neman lasisi kafin su dafa giyar da za su sha a gida, muddin ba sayarwa za su yi ba. Shi ya sa ake sayar da kayan haɗin a shirye: gwangwani mai nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa kusan biyu, cike da ruwan tsiron sha'ir mai kauri kamar zuma, an riga an dafa shi da furen hof mai ba da ɗaci, sai ɗan ƙullin yis a ƙarƙashin murfi. Ka juye a bokiti, ka ƙara kilo ɗaya na sukari, ka cika ruwa zuwa lita 23, ka barbaɗa yis, ka rufe. Bayan mako ɗaya zuwa biyu a ɗumin da bai wuce digiri 18 zuwa 22 ba, sai a ɗura a kwalabe da rabin ƙaramin cokali na sukari a kowacce domin kumfa.

Ta farko ta fito garau, tana da kumfa, amma salam take kamar an tsarma ta, ga ɗaci yana maƙale a maƙogwaro. Harshen da ya tashi da sabuwar burkutu da kunun zaƙi da Maltina bai karɓe ta ba. A karo na biyu na yi lissafin mai shayi: abu ba zaƙi, a ƙara sukari. Na zuba kilo ɗaya da rabi. Ta fito ta fi ta farko ƙarfi, ta fi ta bushewa a baki, zaƙi ko ƙanshinsa babu. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce ai kuskuren shi ne na sa sukarin da wuri. A karo na uku na bari sai ranar ɗuri, na cika babban cokali na zuba wa kowace kwalba. Na ɗanɗana a ranar, daɗi kamar me. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ne muka farka cikin dare.

Daga baya na zauna da biro na yi lissafin. Yis yana raba sukari kusan gida biyu: rabi ya koma barasa, rabi ya koma iska. Giram huɗu na sukari a lita ɗaya yana haifar da iskar da ta kai cikin lita guda. Giyar kwalba ta yau da kullum tana riƙe da iskar da ta kai ninki biyu zuwa biyu da rabi na cikinta. Babban cokali kuwa kusan giram 12 ne, a kwalbar rabin lita, wato ninki shida na ɗora a kan wadda ke ciki tun farko. Garin gyaran gira saura ƙiris in rasa ido, kuma ba da karin magana nake ba. Da safe na sa safar hannu mai kauri da tabarau, na lulluɓe akwatunan da tsohon bargo, na fitar da su bayan gida cikin sanyi, da suka huce na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta yi tsiri sama da kaina. Abin da ya rage a gindin kwalba na kurɓa: ba zaƙi.

Ranar Lahadi na kira gwaggo na ba ta labari. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ɗana, kai da ka girma a gindin tukunya? Wadda aka sauke da safe da wadda ta kwana biyu, ɗaya suke a baki?" Ba ɗaya suke ba, na sani. Sabuwar burkutu tana da zaƙi saboda ana shanta tana cikin tashi, abin da ke cinye zaƙin bai gama aikinsa ba. In ta kwana sai ƙarfi da tsami su ƙwace. Ba wanda ke toshe bakin tulunta, iskar tana fita abinta. Ni kuma na ɗauki abu mai rai, na ba shi abinci, na kulle shi a gilashi. Ajiyar nama ce na ba kura.

To ta ina zaƙi zai zauna? Wani dattijo mai shagon kayan haɗin ne ya miƙo min farin gari a leda, ya ce sukarin madara ne, laktos. Yis ɗin giya ba shi da abin da zai narka shi, don haka yana nan yadda ka zuba shi. Da shi Ingilawa suke yin baƙar giya mai zaƙi tun farkon ƙarni na ashirin, irin su Mackeson. Na tafasa giram 500 a ruwa kaɗan na minti goma, ya huce, na juye a bokitin baƙar giya kafin ɗuri. Kwalba ko ɗaya ba ta yi motsi ba.

Sai dai kada a sa rai da yawa. Zaƙin laktos bai fi kashi ɗaya cikin biyar na sukarin shayi ba. Abin da ya fi yi shi ne ba giyar jiki da santsi, ya rage kaifin ɗaci. A baƙar giya ya zauna daram. Da na gwada shi a fara mai sauƙi, sai ta zama kamar an ɗiga madara a ruwa, ban sake ba. Akwai kuma abin da dattijon bai faɗa min ba don shi bai dame shi ba: da yawa daga cikinmu mutanen Afirka ta Yamma cikinmu ba ya narka sukarin madara bayan mun girma, in ka cire makiyaya irin Fulani da suka fi mu dacewa a nan. Wani abokina ya sha kwalba biyu, washegari ya kira ni yana tambaya ko da wake na dafa ta. Tun daga nan nake rubuta wa kwalaben alama.

Zuma na gwada, yis ya cinye ta tas, ya bar ɗan ƙanshi. Sitibiya, zaƙin ganyen da ake sawa a madadin sukari, ba ta tashi, gaskiya ne, amma tana barin wani ɗanɗano a bayan harshe kamar maganin tari, rabin bokiti na zubar. Firiji kuwa kwantar da yis yake yi, ba kashe shi ba. Kwalbar ta ji ɗumi ya farka. Wasu suna dafa kwalaben a ruwan zafi bayan kumfa ta kama don yis ya mutu, kamar yadda kamfanoni ke yi da injinansu. Mutumin da ya ciro gilashi daga jikin ƙofa ba zai tsaya kan tukunyar kwalabe masu iska ba.

Gyaran da ya fi amfani ashe tun ranar farko ake yinsa, kuma ragi ne. Kilon farin sukarin nan da takardar gwangwani ta ce a zuba, shi ne ke tsarma giyar, domin yis yana cinye shi ƙurmus bai bar komai ba. Na maye gurbinsa da kilo ɗaya na garin tsiron sha'ir, wanda ke ɗauke da wasu sukari masu dogon jiki da yis ba ya iya gamawa da su. Na ƙara da giram 300 na tsiron da ake kira kiristal, wanda aka gasa har cikinsa ya zama kamar alewa: a ƙulle a ƙyalle, a jiƙa a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 70 na rabin awa, a tace a tafasa ruwan a zuba. Na tsayar da ruwa a lita 20 maimakon 23. Na kuma ajiye ƙullin yis ɗin gwangwani na sayi wanda ake kira Windsor, shi malalaci ne, akwai sukarin tsiro guda da ba ya taɓawa. Na sayi ma'aunin kaurin ruwa, ɗan gilashin da ke yawo a cikin giya, yawan lambar da ya nuna yawan sukarin da ya rage. Ta farko a 1.006 ta tsaya. Wannan ta tsaya a 1.016, kuma ban ɗura ba sai da awon ya zauna wuri ɗaya kwana uku a jere. A kowane ɗuri yanzu ina cika robar lemo guda ɗaya tare da kwalaben. In na matsa ta na ji ta yi tauri kamar dutse da wuri, na san akwai magana.

Duk da haka ba ta kai zaƙin da harshena ke nema ba, kuma na daina tilasta mata. In ina son wannan, sai in tsaya a shagon 'yan Afirka in sayi Supermalt ko Malta mai sanyi, in zuba kashi ɗaya cikin huɗu a kofi, in cika da tawa, in shanye kafin yis ya san abin da ake ciki. Kwalaben kuma sun koma rumfar bayan gida, cikin akwatin roba mai murfi. Wannan sharaɗin matata ne, ramin da gilashin ya yi a ƙofa kuma ta hana ni cike shi.