Wagon Mai Jan Ƙafa Huɗu Ba Ta Son Faci

Ɗan ƙanwata ya daɗe yana tara kuɗin mota. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya miƙo mini waya, ya ce, "Kawu, duba wannan, gobe nake so in ba da kafin alƙalami." Subaru Outback ce ta 2008, 'yar Amurka, an wanke ta tas, dillali ya ɗauke ta bidiyo yana zagaya ta. Na ce mil nawa ta ci? Bai duba ba. An canza mata tamin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin injin? Bai san tana da shi ba. Tayoyin fa, iri ɗaya ne? Sai ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ai taya taya ce."

Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin wannan magana, kuma ita ta cinye mini mota.

Tawa ma wagon ce mai jan ƙafa huɗu, ta hannu, daga Kwatano aka shigo da ita. Ba don burga na saye ta ba, Allah ne shaida. Ina da gona a bayan gari, da damina hanyar takan zama laka zalla, ga iyali, ga buhunan taki. Kuma na taso a gidan da ake da Fijo 504 wagon, haɗin Kaduna, wadda kowane bakanike a gefen titi zai kwance ya ɗaura kafin la'asar. Sai na ɗauka kowace wagon haka take, sai dai wannan ta fi ƙarfi. Wani dattijon bakanike da nake kai wa aiki ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Malam, wannan ba ta garin nan ba ce." Na ce a raina tsoron sabon abu ne irin na tsofaffi. Da yamma na je ganinta, injin da ɗumi, an riga an tayar da ita kafin in iso. Ban sunkuya ba, ban hau da ita rami ba. Kujerun fata na shafa, na ji sanyin esi, na biya.

Daminar farko ta yi mini abin da nake so, kuma ba zan yi mata butulci ba. Inda motocin mutane ke kafewa, ni wucewa nake. Har yau in na tuna ina jin ban yi wauta gaba ɗaya ba.

Sai taya ɗaya ta fashe. Na yi abin da kowa ke yi, na je na sayi ta Beljiyam guda ɗaya, lambarta daidai, kamfani daban, gashinta ya fi na sauran tsawo. Bayan ɗan lokaci wata ta sake lalacewa, na sake sayen guda. Wa zai sayi taya huɗu don ɗaya ta fashe, ga kuɗin makaranta? Ba wanda ya gaya mini cewa a irin wannan mota ƙafafun gaba da na baya a haɗe suke ta wani ƙarfe mai juyawa da muke kira farfela, kuma akwai wani kuloci a tsakiya da ke raba musu ƙarfi. In taya ɗaya ta fi sauran girma ko da kaɗan, ba za su yi juyi ɗaya ba, sai kulocin ya ɗauka tana sulɓi, ya yi ta ƙoƙarin gyara abin da ba zai gyaru ba, yana ɗaukar zafi a kan kwalta lafiyayya har ya cinye kansa. Ƙa'idar da aka sani ga motocin Subaru ita ce kada bambancin gashin taya ya wuce kusan milimita 1.6. Mai faci na gefen titi ba ya auna wannan, ni ma ban san ana aunawa ba. To amma in zan faɗi gaskiya, littafin motar yana cikin akwatin gaba tun ranar da na saye ta. Ban buɗe ba.

Ta fara gurnani in zan yi kwana, tana tirjiya kamar birki na riƙe da ita. Na ce sai ƙarshen wata. Ana cikin haka ta fara zafi. Wani yaro a gareji ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan injin, ya jefar, ya ce abin ƙasar sanyi ne, ya haɗa fanka kai tsaye, muka cika lagireto da ruwan famfo. Na yarda, don abin da ake yi wa motar kowa ke nan. Ruwan ya yi tsatsa, ya toshe lagireto, wata rana a kan hanya allura ta haura sama, ni kuma na ce bari in lallaɓa in isa gari. Lallaɓawar nan ta ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke liƙe kan injin da jikinsa. Da janwe ta zo, aka ɗaga gaba aka bar tayoyin baya suna gudu a ƙasa, tafiya mai nisa. Mota mai jan ƙafa huɗu ba a ja ta haka, ɗora ta ake gaba ɗaya. Abin da tayoyi suka rage, janwe ta ƙarasa.

Na taka Ƙofar Ruwa, na aika Panteka a Kaduna, sai daga Ladipo a Legas aka samu kayan, su ma na hannu, a kan kuɗin da ba ni da shi. A nan aka kawo shawarar da ake kawo wa kowa: a cire farfela, ta koma jan ƙafa biyu, har mai za ta rage sha. Na amince. Sai ga ni da mota mai nauyi, mai shan mai, wadda ke kafewa a laka kamar ta kowa, kuma kuɗin takin shekarar ya tafi a gyaranta. Uwargida ba ta ce komai ba, wannan ya fi yi mini ciwo.

Abin da ya fi nauyi a zuciyata shi ne yadda na rabu da ita. Na sayar wa wani bawan Allah ban gaya masa ba farfela a ƙarƙashinta ba. Na daɗe ina ce wa kaina ban yi ƙarya ba, shi ne bai tambaya ba, kuma ai na sassauta masa kuɗi. Amma na ga idonsa a kan tambarin da ke bayan motar, na san don jan ƙafa huɗu yake saye, na yi shiru. Ɓoye aibi a ciniki haramun ne, na sani tun ina makarantar allo. Allah Ya yafe mini. Na neme shi daga baya ban same shi ba.

Don haka ku yaran nan, ku sani motar da ake nuna muku a waya ta bi ta hannun mutum irina. Na zauna da niyyar in jero muku shawarwari da yawa, amma na san ba za ku karanta ba, ku da ba ku iya sauraron magana sai ta bidiyon minti ɗaya.

Kada ka saya. In iyakarka gida zuwa ofis a kan kwalta, ba abin da ƙafa huɗu za ta ƙara maka sai shan mai, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya san yadda lita take. Nemi Corolla ka huta.

In kuwa hanyarka ta laka ce ko yashi ko hawan dutse irin na Mambila, to saya, kada maganata ta tsorata ka, mota ce mai amfani. Amma nemi bakaniken da ya san ta kafin ka nemi motar, ka je kasuwa ka tambayi kuɗin kayanta. In masu kaya suka fara kallon juna, ka samu amsa.

Je ka da sassafe, injin da sanyi, kai za ka tayar. Sunkuya ka ga farfela da idonka. Sami fili, murɗe sitiyari har ƙarshe, ka yi ta zagaye a hankali hagu da dama. In ta yi tirjiya ko tsalle-tsalle, juya ka tafi. Tsofaffin Subaru masu giyar atomatik huɗu suna da gurbin fis a ƙarƙashin bonet mai rubutun FWD, in an soka fis a ciki sai motar ta koma jan gaba kawai, tirjiyar ta ɓuya. Duba shi. Irin wadda yaron nan ke so, mai injin lita 2.5 samfurin EJ25, an san ta da yoyon gasket, musamman 'yan shekarun 1996 zuwa wajen 2009. Leƙa gefen injin ta ƙasa ka ga ko akwai jiƙewar mai ko ruwa, bar ta ta yi zafi ka duba ko gorar ruwa na kumfa. Tamin bel ɗinta a mil 105,000 ake canzawa, kusan kilomita 169,000, kuma in ya tsinke fistin da bawul ne za su yi karo, injin ya tashi aiki. Ba takardar shaidar an canza? Ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗinsa daga farashi. Kuma agogon 'yar Amurka da mil yake lissafi, in ma ba a mayar da shi baya ba.

Kada ka ce to bari in gudu zuwa sabuwa. Daga 2010 Outback mai lita 2.5 ta atomatik ta koma giyar CVT, wata irin giyar atomatik marar hawa-hawa, wadda ba ta shan man giya na gama-gari, kuma masu gyaranta a garuruwanmu kaɗan ne. A Amurka ma sai da kamfanin ya tsawaita garantinta zuwa shekara 10 ko mil 100,000 a kan motoci da dama, garantin da bai ƙetaro teku ba. Injin FB25 da ya shiga Outback a 2013 sarƙa gare shi maimakon bel, amma na farko-farko wasu sun yi shan baƙin mai har aka je kotu. Volvo XC70 kuwa akwai wani ɗan giya da ke tura ƙarfi baya, haƙoran haɗinsa kan cinye, motar ta koma jan gaba shiru, mai ita bai sani ba. Audi A6 allroad a kan jakunkunan iska take zaune, in sun tsufa sai ka wayi gari ta durƙusa gefe guda.

Wani abu kuma, waɗannan motoci a ƙasar ƙanƙara aka fi sayensu, arewa maso gabashin Amurka da Kanada, inda ake watsa gishiri a titi. Fenti zai yi ƙyalli, ƙarƙashi ya ruɓe. Ƙwanƙwasa shasi da sukundireba, bi bututun birki da ido. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 tana jikin gilashin gaba, da ita ake binciko ko motar ta yi hatsari ko ambaliya ta ci ta. Waya na hannunku dare da rana, wannan kaɗai ne ba za ku iya yi da ita ba? Mu da ba mu da ita muna da ɗan uzuri, ku fa?

Na ce ka nemi bakanike, amma ranar da ya ce a cire tamostat ko farfela, karɓi makullinka. Sannan kafin ka biya dillali ko sisi, ware kuɗin taya huɗu sababbi, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, ka karanta lambobi huɗun nan na gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. In kuɗin da ka tara bai kai mota da tayoyin ba, bai kai motar ba, ka ƙara haƙuri zuwa baɗi.