Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Bashin Facalata

Gwaggo, Allah ya jiƙanta, takan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba ta taɓa gaya mini cewa akwai ranar da za a tilasta mini biyan na cikin wata ba.

A makon jiya na tsaya inda Malam ya amince in karɓi rance. Tun da Babban Bankin Najeriya ya fitar da tsarin ƙananan bankuna a 2005, ma'aikatansu suka riƙa bin mata har cikin gida, mu ma wata ta yi mana sallama da takardunta. Ba a nemi jingina ba, sharaɗin dai shi ne mu haɗu mu goma, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta, sannan a riƙa biya duk ranar Laraba tare da kuɗin ruwa. Maganar ruwan nan ce ta sa Malam ya yi wata guda yana jan ƙafa.

Da nawa na aika kasuwar Dawanau aka sayo mini gyaɗa, na soya, aka kai inji, na matse mai, tunkuzar kuma na yi ƙuli-ƙuli da ita. Abin da masu takarda ba su sani ba shi ne, mai sayen man gyaɗa a unguwa sai ƙarshen wata yake biya, Laraba kuwa ba ta jiran kowa. Duk da haka ban taɓa fashi ba, kuma ina so jikokina su san wannan.

Facalata ce ta kwashe nata ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Da aka zo karɓa ta ce ba ta da lafiya, sai aka juyo kanmu, ni da na kawo ta cikin ƙungiyar na sayar da tunkiyata da cikinta. A 2018, da ake rabon naira 10,000 na TraderMoni, rancen gwamnatin tarayya ga ƙananan 'yan kasuwa, ita na fara hangowa a gaban layi, ko kunya babu.

Gwaggo ta yi shekaru tana uwar adashi, ba takarda, ba ruwa, kuma wadda ta yi kwasa ta ƙi zubi ba ta sake shiga taron biki da kai a sama. Hanjin da take faɗa na mai shi ne. Har yau facalata tana gaishe ni da "Yaya, ina kwana", ina amsawa, amma zancen tunkiya ba ta taɓa tayarwa ba.