Shekara 3 ina jinyar Inna

Yau shekara 3 ke nan da na ɗauko Inna zuwa gidana, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita. Kullum bayan sallar asuba nakan yi mata wanka da ruwan ɗumi, in juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, sannan in ba ta koko da cokali, wani lokacin tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu. Yayyena maza suna aiko da kuɗin magani, Allah ya saka musu, amma kwanan zaune nawa ne ni kaɗai. Sai da kuka ya ƙwace mini a gaban matan Islamiyyarmu, sannan suka fara karɓata duk Talata da Asabar. Jiya har barcin rana na yi.