Launi huɗu da malamina ya bar mini

Lokacin da na fara zane da fentin mai, bututun fenti sama da ashirin gare ni. Duk launin da ya burge ni sai na saya. In na zauna zan zana fuska, in ɗibi nan in ɗibi can, in cuɗa, abin da ke fitowa wani ruwan laka ne, shi ba ja ba, shi ba kore ba. Na daɗe ina ɗora wa fentin laifi.

Malamina ne ya gaji da gani. Wata rana ya tattare su kaf ya zuba a jaka, ya bar mini huɗu: fari, baƙi, ja, da rawayar ƙasa da ake kira oka. Ya ce, "Wata uku, kada ka taɓa wani." Wannan haɗin da sunan Anders Zorn ake kiransa, mai zane ɗan ƙasar Suwidin da ya rasu a 1920, wanda ya shahara da zana mutane.

Na ce, "Malam, babu shuɗi fa." Bai amsa ba. Ya sa wuƙar cuɗawa ya haɗa baƙi da fari, ya shafa a gefen jan da ke kan ƙyallen zanen. A bakin wuƙa ruwan toka ne sak. Da ya zauna kusa da ja, wallahi sai ga shi ya koma shuɗi-shuɗi. Ya sake haɗa baƙin da oka, kore ya fito, irin na ganyen da ya fara bushewa. Ranar na gane ido ba ya ganin launi shi kaɗai, da maƙwabcinsa yake auna shi.

Sai daga baya na fahimci inda lakata ke fitowa. Kowane launi yana da inda ya karkata. Shuɗin altramarin ya karkata wajen ja, ja kuwa shi ke kashe kore. To in ka haɗa shi da rawayar da ita ma ke da ɗan ja a jikinta, kana neman kore mai haske, ka riga ka kashe shi tun kafin ya fito. Ni kuma har launi biyar nake cuɗawa a lokaci ɗaya.

Yanzu ban damu da sunan da kamfani ya rubuta a gaban bututu ba, sunaye ne na talla. Bayansa nake juyawa in duba lambar sinadarin: PB29 altramarin ne, PW6 farin taitaniyom, PBk9 baƙin ƙashi. In na ga lamba uku a bututu ɗaya, na san an riga an cuɗa mini, sai in ajiye. Bushewa ma kowa da halinsa. Fenti mai launin ruwan ƙasa da ake kira amba yakan bushe cikin kwana ɗaya ko biyu saboda manganis ɗin da ke cikinsa, jan kadmiyom kuwa sai ka yi kwanaki kana jira.

Da wata ukun suka cika, ɗoki ya sa na ɗauko shuɗin ftalo, wanda aka fara sayarwa a 1935. Ɗan ƙyas na taɓa da bakin burushi, ya cinye mini farin da na matsa gaba ɗaya, ya rina har yatsuna. Na mayar da shi jaka. Altramarin na ɗauka ya zama na biyar, kuma sai da na shekara kafin na ƙara na shida.