Mako na shida da lissafin pi: zaɓen shugaba tsakanin tagwaye

'Yan'uwa masu koyo, wannan makon ya ba ni wuya, amma na ƙaru sosai.

Tun da na fara karanta lissafin pi (pi-calculus, lissafin da ke bayyana yadda shirye-shiryen kwamfuta masu aiki a lokaci guda ke aika wa juna saƙo), wanda Milner da Parrow da Walker suka wallafa a 1992, nake ganin bambancin hanyoyin aika saƙo guda biyu bai taka kara ya karya ba. Akwai ta hannu da hannu, inda mai aikawa ba ya gusawa sai mai karɓa ya miƙo hannu. Akwai kuma ta ajiye ka wuce, wadda Honda da Tokoro suka tsara a 1991, Boudol kuma a 1992. A tunanina, ka ajiye saƙo, ka jira amsar "na karɓa", shi ke nan ka kwaikwayi ta farko. Haka ne kuwa, muddin aikawa kawai kake yi.

Ranar Laraba na rubuta ƙaramin shirin kwamfuta da harshen Go, don zaɓen shugaba. Ma'aikata biyu ne a cikin shirin, wato sassa biyu masu aiki a lokaci guda, kamar tagwaye, umarninsu ɗaya, ba wanda ya fi wani. Kowanne na sa shi cikin select, umarnin zaɓi na Go: ko dai ya aika, ko ya karɓa, duk wanda ya fara yiwuwa. Wanda ya aika shi ne shugaba. Da tasha (hanyar da saƙo ke bi) wadda ba ta da ma'ajiya, wato ta hannu da hannu, na maimaita har na gaji, kullum shugaba ɗaya ke fitowa, domin haɗuwar hannu guda ita ke raba gardama: ɗaya ya bayar, dole ɗayan ya karɓa.

Sai na ba kowace tasha gurbin ajiyar saƙo ɗaya. Ba a jima ba allon ya nuna min layi biyu, kowanne yana cewa "ni ne shugaba". Duka biyun sun ajiye sun wuce.

Na ɗauki biro ja da shuɗi, kowanne a madadin ma'aikaci ɗaya, ina neman dabarar gyara a takarda. Duk takun da ja ya yi, shuɗi na iya yin irinsa, su koma kunnen doki, ba iyaka. Ashe abin da Catuscia Palamidessi ta tabbatar ke nan a 1997: zaɓin da ya gauraya aikawa da karɓa yana da ƙarfin da ajiye ka wuce ba ta da shi, matuƙar ba a shigo da alƙali na tsakiya ba. Wannan sharaɗin ne ya fi burge ni, don da shi hujjar take tsayawa.

Mako mai zuwa zan koma kan aikin Nestmann da Pierce na 1996, inda zaɓin tsakanin karɓa da karɓa ne kawai. Wanda ya riga ya bi ta nan, don Allah ya nuna min inda ya fi santsi.