Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗakin Mbale da Ɗakin Inna

Duk wanda ya ce muku na je Yuganda na kwanta a kan dala, ku tambaye shi ko ya taɓa ganin gadon da na kwana a kai. Har yau akwai masu faɗin haka a gidanmu, kuma na san wannan rubutu zai kai gare su, domin akwai masu karanta musu. To su saurara.

A kashin da ya gabata na tsaya ne a inda mota ta sauke ni a Mbale, farkon 2010, bayan tafiyar fiye da kilomita 200 daga Kampala, ta Jinja inda ake tsallake kogin Nilu. Garin yana gindin dutsen Elgon, ba nisa da iyakar Kenya. Ko ta ina ka ɗaga kai sai ka ga tsaunin Wanale tsaye a kan garin, kore shar, hadari na taruwa a kansa. Ni da na taso a Malumfashi, inda ciyawa ke bushewa tun ba a gama yankan dawa ba, na daɗe ban saba da ganin ayaba a bayan kowane gida ba. Mutanen wurin Bagisu ne, manoman gahawa, masu mutunta baƙo, kuma da yaro da babba Mwalimu suke ce mini, wato malam.

Gidan da na kama haya tsohon gini ne irin na Indiyawan da Idi Amin ya kora a 1972. Ciki da falo ne a ɓangaren baya, silin na katako, tagogin ma na katako. Mai gidan ya bar mini gado da katifa, ya ce kyauta ce ga baƙo. Na ɗaura gidan sauro kamar yadda aka gargaɗe mu tun a Abuja, na yi addu'a na kwanta. Kafin kiran assalatu jikina ya yi rudu-rudu, cizo a jere a wuya da damtse da haƙarƙari. Da na haska tocila a bakin ɗinkin katifa sai ga su nan jajaye sun sha sun ƙoshi, suna rige-rigen komawa cikin tsagar katako. Na murtsuke ɗaya, warin nan ya bugo ni. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san warin kuɗin cizo, ba ya mantuwa.

Na san maganinsu tun ina yaro. Inna takan tafasa ruwa a babbar tukunya, a fito da gado tsakar gida a kwarara masa, a shanya tabarmi da katifar rimi a rana tun hantsi har la'asar. Ranar bazara ta ƙasar Katsina ba ta barin ko ƙwai. To a Mbale rana ba ta da wannan alkawari. Ka fitar da katifa da safe gari garau, kana cikin aji sai ka ji ruwa ya tsuge a kan kwano, ka dawo ka tarar da ita ta jiƙe sharkaf. Ga shi kuma ƙwaron nan mugun haƙuri gare shi. Yana iya yin watanni bai sha jini ba, yana maƙale a tsagar gado yana jira. Feshin da ake sayarwa a kanti yana kashe manyan ya bar ƙwayayen, bayan mako ɗaya ko fiye kaɗan su ƙyanƙyashe, a koma gidan jiya. Sai da na kwance gadon nan gaba ɗaya, na bi kowace mahaɗa da tafasasshen ruwa, na shafe ta da kananzir, na saka ƙafafunsa cikin gwangwanayen madara da na cika da ruwa, na janye shi daga jikin bango. Katifar kuwa ƙona ta na yi, na sayi sabuwa daga albashina na farko. Wannan albashin na farko ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Agogon Yuganda yana gaba da namu da awa 2, saboda haka in na idar da sallar isha'i, a gida lokacin ake shirin magariba. Lokacin nake kiran Inna a wayar ƙanwata. Ban taɓa gaya mata maganar cizo ba. Amma uwa uwa ce. Wata rana ta ce, “Auta, muryarka ba ta mai samun barci ba ce.” Na ce, “Inna, aiki ne ya yi yawa.” Ta yi shiru, sannan ta ce, “To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya rufa asiri.”

Ni a lokacin na san ɗakin da ke yoyo da gaske nata ne. Ɗakin soro ne da Baba, Allah ya jiƙansa, ya gina tun aurensu, azarar ta fara ruɓewa, daminar da ta wuce da kwanuka ake tarar ruwa a gefen gadonta. Kafin in taso na yi mata alkawarin kwano. Shirin da ya kai mu can, wanda gwamnatin tarayya ta fara tun 1987 zamanin Babangida, aikin shekara 2 ne, kuma da dala ake biyan alawus ɗinmu na can. Wannan kalma ta dala ita ce ta shiga kunnen gidanmu ta ƙi fita. Abin da ya rage bayan katifa da haya da risho, na haɗa da na wata na biyu na tura wa Yaya. Shi ne babba, shi ne a madadin Baba, kuma duk da ba cikinmu ɗaya ba, ban taɓa raba shi da uwa ɗaya uba ɗaya ba. Na ce, “Yaya, ga kuɗin kwano da katako da ladan kafinta, a rufe ɗakin Inna kafin ruwa ya sauka.” Ya ce, “An gama, Auta, Allah ya yi maka albarka.”

Aikin kansa na so shi, kuma ina alfahari da shi. Lissafi nake koyarwa a aji uku da aji huɗu na sakandare. Su shekarar karatunsu a Fabrairu take farawa, zango uku, ’yan aji huɗu kuma su zauna jarrabawar ƙasa ta UNEB wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Aji cike maƙil, benci ɗaya yara a matse, amma in ka juya kana rubutu a allo ba ka jin ko tari. Da rana kowa, malami da ɗalibi, posho da wake, wato tuwon masara mai tauri. A gida kuma matoke, ayabar da ake turarawa cikin ganyenta a ci da miyar gyaɗa. Na ci, na saba, amma harshena bai daina neman kuka da daddawa ba. Ranar Juma'a nakan tafi masallacin Jami'ar Musulunci da ke nan Mbale, wadda aka buɗe a 1988, takwarar ta garin Say a Nijar. A can nake samun yaranmu ’yan Kano da Sakkwato da Bauchi masu karatu, in ji Hausa ta cika mini kunne, kuma duk wanda ya dawo daga hutu ba ya rasa ƙullin kuka ko yajin da zai ba ni.

Ƙullin farko ɓera ne ya riga ni. A silin suke kwana, da dare ka ji gudunsu a kanka kana gyaran littattafan yara. Maƙwabciyata, wata tsohuwa mai sayar da malewa, busasshen tohon gora da Bagisu ke miya da shi, ita ta ba ni ɗan kyanwa, magana ta ƙare. Kyankyaso ne ya fi ƙarfin kyanwa. Daga bayan gida suke fitowa, manya masu fiffike, suna cin gam ɗin da aka manne bayan littafi da shi. Littafin lissafin da na taho da shi tun daga Zariya sun cinye masa ƙashin baya, shafukan suka rabu.

A cikin waɗannan darare ne aka yi sunan ɗana na biyu a gida, ba na nan. Na aika da kuɗin rago. Uwargida ce ta gaya mini daga baya, tana kuka, abin da Yaya ya faɗa a zaure a gaban mutane: wai Auta ai ya haye, yana can ƙasar waje ana masa shara ana masa wanki, yana kwana a kan dala, amma ɗan abin da yake aikowa ko cefane ba ya isa. A gaban surukaina ya faɗi wannan. Ni kuwa a daren sunan ina durƙushe da tocila ina bin ƙafar gado. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaya bai taɓa tambayata ko sau ɗaya yaya nake kwana ba.

Na tsallake wani abu da bai kamata in tsallake ba. Ban daɗe da zuwa ba, daren 1 ga Maris 2010, bayan ruwa mai yawa, gefen dutse ya zabtaro a gundumar Bududa ya binne ƙauyen Nametsi, har da ƙaramin asibitin wurin da mutanen da ke ciki. Akwai yarinya a ajina ’yar can. Aka zo aka tafi da ita, ta yi makonni ba ta dawo ba, da ta dawo kuma ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba. Ita ce mafi kaifin ƙwaƙwalwa a wannan ajin. Na riƙa zama da ita bayan an tashi muna bin darasin da ya wuce ta, har ta kamo sauran. In ana lissafin abin da na samo a Yuganda, a fara sa wannan kafin a zo kan dala.

Sai daren kwarkwasa. Damina biyu suke yi a shekara, wannan a ta biyun ne, cikin azumi. Shekara ce ta kaciyar Bagisu, wadda suke yi duk shekarar da ta rabu biyu daidai, daga watan Agusta, ga gangunan kadodi ana ta bi da samari unguwa-unguwa har tsakar dare. Na samu barci ya ɗauke ni ke nan sai na ji kyanwa na wani irin kuka tana karce ƙofa. Na sauko da ƙafa, sai na ji kamar an caka mini allurai. Da na kunna fitila sai na ga daɓen ɗakin yana motsi. Sun shigo ta ƙarƙashin ƙofar baya a layi mai faɗin tafin hannu, sun bazu, sun hau bango, sun shiga silin. Manyan masu kai da baki kamar awartaki suna gefe-gefe suna gadi, ƙananan na tsakiya suna wucewa. In babbar ta kama ka, ko ka fizge jikinta kan yana nan maƙale a fatarka.

Na fito tsakar gida ina karkaɗe wando, na ɗauko galan ɗin kananzir. Tsohuwar nan ta fito da fitilarta ta riƙe mini hannu. Jikanta ya fassara mini: “Mwalimu, kada ka taɓa su. Baƙi ne masu wucewa, kuma shara suka zo yi maka.” Ta debo toka mai ɗumi daga murhunta ta zagaye akurkin kajinta da ita, domin kwarkwasa na iya cinye kaza a rufe kafin safiya, ta zagaye ƙofarta, ta ce nawa ɗakin a bar musu. A barandarta na zauna a kan kujera, ƙafafuna a ɗage, ina kallon kyankyasai na fitowa da gudu ana cim musu. A nan na yi sahur da shayi da gasasshiyar ayabar da ta ba ni, ita da ba Musulma ba. Hantsi na yi suka tattara suka bi ta cikin gonar ayaba suka tafi. Na shiga ɗaki na duba bayan akwati, na duba ƙarƙashin risho, babu kyankyaso ko ɗaya, kuma na daɗe ban sake ganinsu ba. Wannan ita ce sharar da aka taɓa yi mini a ƙasar waje, Yaya, in kana ji.

Washegari na ba Inna labari, shi kaɗai ne labarin ƙwarin da na taɓa ba ta. Ta yi salati, ta sa wa tsohuwar albarka. Ina jin ƙarar ruwan sama ta cikin wayar, domin Agusta ce, tsakiyar damina a gida. Na kasa kunne in ji rugugin ruwa a kan sabon kwano. Abin da na ji shi ne ɗigo yana faɗawa cikin tasa, ɗaya bayan ɗaya, kusa da ita. Na ce, “Inna, ba a rufe ɗakin ba?” Ta ce, “Auta, ka yi aikinka.” Na sake tambaya. Ta ce, “Na gaya maka tun tuni, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ka yi faɗa da ɗan'uwanka a kaina.”

Ƙanwata ce ta karɓi wayar ta fita soro ta gaya mini sauran. Kuɗin kwano sun shiga lefen amaryar Yaya, wadda za ta tare bayan ƙaramar salla. An gaya wa Inna wai ban aiko ba tukuna, ita kuma ta san na aiko, domin ni na gaya mata da bakina, amma ta haɗiye don kada gida ya tashi. Ta rasu a 2016, Allah ya jiƙanta, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa buɗe baki ta faɗi wannan magana a gaban kowa ba. Ni ne nake faɗa yau, kuma ban nemi izinin kowa ba.

A wannan daren ban kira Yaya ba. Kawu na kira, ƙanin Inna, na ce zan sake turo kuɗi ta hannunsa, ya sayi kwanon da kansa ya tsaya a kan kafinta. Ya ce, “Zan yi, ɗana, amma ka sani in na sa ƙafa a gidan nan da bandir ɗin kwano, Yayanka zai ce an tsallake shi, kuma zai huce a kan gonar mahaifinku.” Na ce, “Kawu, a rufe ɗakin.” Aka rufe shi kafin babbar salla. Abin da Kawu ya hango kuma bai ɓata lokaci ba, da shi za mu tashi mako mai zuwa in Allah ya kai mu.